Inshorar lafiya ta ƙasa da ƙasa: abin da ɗan zango zai duba kafin ya sa hannu

Shekaru uku da suka wuce ƙanwar mahaifiyata ta tashi daga nan Aboabo, a Kumasi, zuwa Jamus domin ta zauna wa 'yarta jego. Mu duka Mma muke ce mata. Ranar da za ta shiga motar Accra na je yi mata sallama, na tarar ta baje takardunta a kan darduma tana jera su cikin wata 'yar jakar roba: fasfo, tikiti, katin allurar shawara, sai wata farar takarda mai shafi biyu da ejan ɗin da ya nema mata biza ya haɗo mata. Ta ɗaga ta, ta ce da ni, "Ɗana, wannan ita ce ta asibiti. Ya ce ko me ya same ni a can, su za su biya." A gefen jakar ga ƙullin magungunanta na suga, waɗanda ta fi shekara 10 tana sha. Na ga takardar, na ga ƙullin, amma ban haɗa su a raina ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Sati biyar da saukarta sugan ya tashi, ƙafa ta kumbura ta zama gyambo, aka ba ta gado. Da aka aika wa kamfanin lissafin asibiti, amsar da suka bayar layi uku ce: ciwon ya riga takardar, kuma shafi na biyu ya faɗa ƙarara cewa ba su biyan ciwon da mutum ya taho da shi. Surukinta ne ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyin baƙo da hukumar Jamus ke buƙata, saboda haka bashin ya hau kansa. Aka buɗe karo-karo a WhatsApp, aka yi ta turo momo, wato kuɗi ta waya, daga Asawase, daga Nima, daga 'yan'uwa a Bronx. Allah ya ba ta lafiya ta dawo da ƙafarta, amma an fi shekara ana biyan wannan kuɗi.

Tun daga ranar duk wanda ya kawo mini takardar inshora sai na zaunar da shi mun karanta ta tare, kuma daga baya nake farawa, daga shafin abubuwan da aka cire. Abin da na fahimta shi ne mutanenmu suna kiran abubuwa uku daban-daban da suna ɗaya, a nan rikicin yake farawa.

Irin wadda aka ba Mma ta matafiyi ce. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen ba su ba ka biza sai ka nuna takardar da za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000 na jinyar gaggawa da mayar da mutum gida. An yi ta ne domin ɗan gajeren zama, don haɗari ko ciwon da ya faɗo bagatatan, kuma burin kamfanin shi ne a tsayar da ciwon a sa ka a jirgi ka koma inda ka fito. Tana da araha, shi ya sa ejan ke haɗa ta da kuɗin biza ba tare da ya tambaye ka ko kana shan wani magani ba.

Akwai kuma ta ƙasa, wadda gwamnati ke tsarawa domin mazauna cikinta. Tamu ta nan Ghana ita ce NHIS, wadda aka kafa da doka a 2003 zamanin Shugaba Kufuor domin a kawo ƙarshen tsarin nan na sai ka ajiye kuɗi kafin likita ya taɓa ka. Tana ɗauke zazzaɓin cizon sauro, awon ciki da haihuwa, da yawancin cututtukan yau da kullum, kuma baƙon da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida yana iya yin rajista. Ina roƙon duk ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ke kasuwanci a Kejetia ko Alabar ya yi wa kansa da iyalinsa. Sai dai ƙarfin NHIS ya ƙare a kan iyakokin Ghana, wato Aflao da Paga da Elubo. Ba ta biyan jinya a waje, ba ta biyan dashen ƙoda, kuma aikin zuciya ko na ƙwaƙwalwa ba ya cikinta in ba haɗari ne ya jawo shi ba. Direbobinmu masu shiga Lome da Wagadugu su ma su sani: katin nan na ECOWAS mai ruwan ƙasa da suke riƙewa na mota ne, yana biyan ɓarnar da ka yi wa wani a hanya, ba ruwansa da jikinka.

Ta ukun ita ce ta ƙasa da ƙasa, irin wadda kamfanoni kamar Cigna Global, Allianz Care, Bupa Global da AXA ke sayarwa. Yarjejeniya ce ta shekara guda da ake sabuntawa, tana bin mutum duk inda ya je cikin ƙasashen da ya zaɓa, tana biyan kwanciya asibiti, tiyata, jinyar daji, wani lokaci har ɗaukar majiyyaci a jirgi zuwa wata ƙasa. Tana da tsada ƙwarai, kuma gaskiya ba kowa ke bukatarta ba.

Ɗanmu da ya samu takardar zama a Jamus dole ne ya shiga inshorar ƙasar, doka ce, kuma sau da yawa ta ƙasa da ƙasa ba ta maye gurbinta a idon hukuma. A Holan ma mai aiki dole ya yi ta ƙasar cikin wata 4. Mai zuwa Ingila da biza ta fiye da wata 6 yana biyan harajin lafiya tun wajen neman bizar, wanda tun Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a shekara, ɗalibi kuma fam 776, sannan ya shiga asibitin gwamnati kamar ɗan ƙasa. A Saudiyya da Dubai nauyin inshorar ma'aikacin kamfani yana kan wanda ya ɗauke shi aiki. Waɗannan duka in suka sayi wata a kai, sun biya sau biyu ne kan abu ɗaya. Abin da ya kamace su shi ne su karɓi katinsu a hannu su san asibitin da yake aiki, musamman 'yan matanmu masu tafiya aikatau ƙasashen Larabawa, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin katin da idonsu ba.

Wanda abin ya shafa kai tsaye shi ne mutumin da ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ɗan kasuwar da watan nan yana Guwanzu ta ƙasar Sin, wata mai zuwa yana Dubai, sannan ya biya Kano kafin ya dawo Kumasi. Ko boga, wato ɗanmu mazaunin Turai, da ya yi shekara 30 a Hamburg, ya gina gida a Asokore Mampong, yana wata shida nan wata shida can, bai san cewa katinsa na Jamus ba ya aiki a Ghana ba. Ko Bahaushen Najeriya da kamfani ko ƙungiya ta turo Accra da iyali. Irin waɗannan in babban ciwo ya zo, babu gwamnatin da za ta ce nata ne.

To, in kana cikinsu, kafin ka tambayi farashi ka tambayi kanka: in yau likita ya ce sai an buɗe ƙirjina, a ina nake so a kwantar da ni? Amsar ita ce taswirar da za ka saya. Kamfanonin suna raba duniya gida-gida, kuma babban layin da suke ja shi ne tsakanin "duniya duka" da "duniya ban da Amurka", domin jinya a Amurka ta fi ta ko'ina tsada, sanya ta a ciki kan ɗaga kuɗin shekara sosai. In ba zama kake yi can ba, cire ta, ranar da za ka je ganin jikoki ka sayi ta matafiyi. Wasu suna da tsarin Afirka kaɗai, wasu Afirka da Indiya. Wannan na biyun ya fi dacewa da yadda muke yi tun asali, domin wanda asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu suka ce ya nemi wani wuri, yawanci Indiya yake nufa, ko Masar, ko Turkiyya, ko Afirka ta Kudu. Sannan ka duba maganar ƙasarka ta haihuwa. Wasu takardun an yi su ne domin wanda ke zaune a wajen ƙasarsa, suna ƙayyade kwanakin da za su rufe ka in ka koma gida. Ɗan Kano da ke zaune Accra, wanda ya san in ciwo ya yi tsanani gida zai nufa wurin dangi, lalle ya ga an rubuta Najeriya da sunanta.

Yanzu ga inda aka fi zubar da hawaye, wato tsohon ciwo. Hawan jini, suga, sikila, asma, gyambon ciki, ciwon hanta: kusan babu gidan da za ka shiga a zango ba ka tarar da ɗaya daga cikinsu ba. Kamfani yana da hanya biyu ta mu'amala da su. A ta farko za a ba ka doguwar takarda ka rubuta tarihin lafiyarka duka, su duba, su ba ka amsa tun kafin ka biya. Ko su karɓe ka yadda kake, ko su ƙara maka kuɗi, ko su ce sun karɓe ka amma ban da wannan ciwon da duk abin da ya haifa. A ta biyu ba a tambayarka komai, sai dai a rubuta cewa duk ciwon da ka yi fama da shi a shekarun baya, galibi 5, ba a biyansa sai ka yi shekara 2 cur ba magani, ba ganin likita, ba alamarsa. Mutane suna son ta biyun saboda ba ta da tambaya. Amma mai hawan jini da ke haɗiyar ƙwaya kowace safiya ba zai taɓa cika wannan sharaɗi ba, ko da ya yi shekara 20 yana biya. Ni ta farkon nake ba mutane shawara, domin gara ka ji amsa kana zaune a kan kujera da ka ji ta kana kan gadon asibiti.

Kalmomin nan "da duk abin da ya haifa" su ne ya kamata a tsaya a kansu. In an cire hawan jini, ana iya cewa shanyewar ɓarin jiki daga gare shi ta fito, haka ciwon zuciya, haka lalacewar ƙoda. In an cire suga, ido da ƙafa da ƙoda duk sun bi shi. Ka ga takardar tana nan, kana biya, amma manyan ƙofofin da ciwo zai fi shigo maka ta cikinsu an bar su a buɗe. Mai irin wannan ciwo ya fi masa alheri ya nemi kamfanin da zai karɓi ciwon da ƙarin kuɗi, ko ya shiga ta hanyar ƙungiya, domin inshorar da kamfani ke yi wa ma'aikatansa da yawa a dunƙule sau tari ba ta duba tarihin kowa.

Wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota a Suame ya taɓa ce mini muna cike masa takarda, "Malam, bar wurin nan fari. Ai ba su san ni ba, wa zai gaya musu?" Na ce, "Alhaji, fayil ɗinka zai gaya musu." Ranar da lissafi mai nauyi ya isa teburinsu, abu na farko da suke nema shi ne rahoton likita, likitan kuma zai rubuta abin da ka faɗa masa da bakinka lokacin da kake neman ceto: tun yaushe kake shan magani, wane iri. In suka ga ka ɓoye, suna da ikon ƙin biya, har su soke yarjejeniyar gaba ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ga mumini ma ba hanya ba ce. Alhaji ya yi shiru, ya zaro kwalin maganin daga aljihun gaba ya ajiye a kan tebur, muka kwafe sunan.

Akwai wani tarko da ke biye da wannan. Ciwon da ya same ka kana hannun wani kamfani sabon ciwo ne a wurinsu, za su biya. Ranar da ka koma wani kamfanin saboda ya fi araha, ciwon nan ya zama tsoho. Haka in ka bari wa'adi ya wuce ba ka sabunta ba. Shi ya sa zaɓen farko yake da nauyi: ka tabbata an rubuta cewa za su ci gaba da sabunta maka ko da ka kwanta ciwo, ka kuma tambayi shekarun da suke daina karɓar sabon mutum. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai ya haura 60 yakan tarar ƙofa ta ƙuntata.

Maganar kuɗi kuwa, mu da ke samu da sidi muna da darasin da ba za mu manta ba. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba. Inshorar nan da dala ko yuro ko fam ake biyanta. Wanda ya shiga a Janairun shekarar yana ganin zai iya, da lokacin sabuntawa ya zo ya tarar kuɗin ya ninka ba tare da kamfanin ya ƙara ko kwabo ba. Ga shi kuma dama kuɗin yana hawa duk shekara saboda shekarunka suna ƙaruwa, jinya ma tana ƙara tsada. Kada ka auna da aljihunka na bana kaɗai. Ka ce dillali ya nuna maka abin da mai shekara 55 da mai 65 ke biya yau a wannan tsarin, ka ga ko za ka iya riƙewa har can.

Hanyar rage nauyin a ganina a fili take. Ka sayi ɓangaren kwanciya asibiti da tiyata da jinyar daji, ka bar ɓangaren ganin likita a rubuta maka magani ka koma gida. Zazzaɓi, mura, awon jini, NHIS ko aljihunka za su iya. Sannan ka yarda da kason aljihu, wato adadin da za ka fara biya da kanka kafin kamfani ya karɓa. A ce misali ka zaɓi dala 1,000, lissafin asibiti ya zo dala 18,000: kai ka biya 1,000, su su biya 17,000. Gwargwadon girman kason, gwargwadon sauƙin kuɗin shekara. Sai dai ka zaɓi adadin da ka san za ka iya fitarwa cikin dare ɗaya ba tare da ka sayar da kayan shago ba, ka kuma duba ko sau ɗaya ake cire shi a shekara ko kuwa kowane ciwo da nasa.

Kati a aljihu ba shi ke buɗe ƙofar asibiti ba. Asibitocin kuɗi, a nan da Indiya da Dubai duka, sukan nemi a ajiye wani abu kafin su ba da gado, sai fa in suna da yarjejeniyar karɓar kuɗinsu kai tsaye daga kamfanin. In babu, kai za ka biya, ka tara rasit, ka jira a mayar maka bayan makonni. Ka karɓi jerin asibitocin da suke hulɗa da su a Kumasi da Accra, ka ɗauki ƙafa ka je ofishin kuɗi na ɗaya ko biyu ka tambaye su ko har yanzu suna karɓar wannan katin. Zuwa da kai ya fi aike. Kuma duk aikin da ba na gaggawa ba sai an nemi izinin kamfani tukuna. In ka sayi tikitin Indiya ka tafi da kanka ba su sani ba, suna iya rage abin da za su biya ko su ƙi. Haka ɗaukar majiyyaci a jirgi: likitocinsu ne ke yanke shawara, kuma yawanci zuwa wuri mafi kusa da zai iya aikin, ba wurin da ranka ke so ba.

Sauran abubuwan a taƙaice. Haihuwa tana da wa'adin jira, galibi wata 10 zuwa 12, wasu har 24, saboda haka mai ciki ba ta shiga yau a biya mata gobe. Takardun da suka bi ta hannuna gurbin mata ɗaya gare su, mai mata biyu ko uku ya tambaya tun farko yadda za a shigar da kowacce. Maganin gargajiya da ɗori ba su ciki. Wuraren da ake yaƙi ko ta'addanci ana yawan cire su, wannan kuwa ya shafi masu fataucin shanu da albasa ta hanyar Burkina Faso da Mali da Nijar. Akwai kuma sashen gawa, wanda ba mu son ambata amma yana nan: wasu suna biyan dawo da mamaci gida kaɗai, wasu suna ba da zaɓin a yi jana'iza a inda ya rasu. Mu da addininmu ya ce a gaggauta, wannan zaɓi na biyu ya fi mana amfani.

Na san wasu tun ɗazu tambaya ɗaya ce a ransu, ko abin ya halatta. Maganar tsohuwa ce a tsakanin malamai. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci tana da garari mai yawa, wato rashin tabbas a cikin ciniki, ta halatta ta taimakon juna, wadda ake kira takaful. Kamfanin farko na irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, yanzu akwai su a Saudiyya, Malesiya da Najeriya. Wasu manyan malamai, irin su Shaihu Mustafa al-Zarƙa na Siriya, sun tafi a kan halascin inshora gaba ɗaya, kuma da yawa suna ganin inda doka ta tilasta, larura ta shigo. Ka ɗauki takardar kanta ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa, ka bayyana masa halin da kake ciki. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a bar maganar a rataye har ciwo ya zo, domin karo-karon da muke dogara da shi yana gajiya. Mutanen da ake buga wa waya su ne dai waɗanda aka buga wa watan jiya.

Dillali yana da amfani in na gaskiya ne, amma ka tuna ladansa daga kamfani yake fitowa. Ka tambaye shi kamfani nawa yake wakilta, ka biya kuɗinka kai tsaye cikin asusun kamfanin, ba lambar momo ta wani ba. Ka duba ƙasar da kamfanin yake da rajista da hukumar da za ka kai wa kuka in an saɓa, domin wanda ke zaune a Turai ba lalle hukumomin Ghana su iya kamo maka shi ba. Yawancinsu suna ba da kwana 14 ko fiye bayan sa hannu da za ka iya fasawa a mayar maka da kuɗinka. Kwanakin nan na karatu ne.

Bana 'yar Mma ta sake haihuwa, an sake aiko mata da takardar gayyata. Wannan karon ni da ita muka zauna a kan dardumar nan. Muka rubuta suga da sunan kowace ƙwaya, muka haɗa da rahoton likitanta. Kamfani biyu suka ƙi, na uku ya karɓa da ƙarin kuɗi, ya aiko da wasiƙa cewa in sugan ya tashi mata bagatatan a can, jinyar gaggawar tana kansu. Na karanta mata ita da Hausa sau biyu. Wasiƙar tana cikin jakar robar, tsakanin fasfo da katin shawara, hotonta ɗaya yana wayar 'yarta, ɗaya yana tawa. Ranar Talata za ta shiga motar Accra.